Yadda Za Ka Kai Mamaci Gida a Tsakiyar Bazara Ba Wanda Ya Toshe Hanci

Zauna nan, ka kasa kunne. Sunana Sanda, sana'ata turare, garinmu Bakori. Duk wanda ya taɓa cin kasuwa tsakanin Maska da Musawa ya ji ni ina shela cewa Allah bai halicci warin da ya fi ƙarfin jakata ba. Yau zan koya maka yadda ake ɗauko mamaci daga gari mai nisa, cikin zafin bazara, a kai shi gida har mutanen hanya su riƙa tambaya ko amarya ake rakiya. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, abin da na samu shi za ka samu, ba ragi ko kaɗan.

1. Ka samu aboki majemi

Wannan shi ne tushe. Nawa sunansa Rabe, ya girme ni, kuma duk Bakori babu mai jima kamarsa. Jar fatarsa har fatake ke nema. Amma ka san majema. Mutum ya yini cikin ɗanyar fata da ruwan toka da kashin kaji da bagaruwa, ko wanka nawa ya yi sai an san ya shigo zaure. A masallaci akan bar masa fili dama da hagu, shi kuwa ya ce ai shi kaɗai ke salla cikin yalwa.

Ni na riƙa tsayawa kusa da shi. Mutane suna cewa ga ciwo ga magani. Ina tsokanarsa, yana dariya. Duk shekara tare muke zuwa Musawa, shi ya sayar da ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa, ya sayi fatun awaki wurin makiyaya, ni in sayar wa matansu kajiji da jibda.

Abin lura: mai turare da ya daɗe kusa da majemi yakan ɗauka ya gama sanin wari. Riƙe wannan zaton da kyau, za ka buƙace shi.

2. Yi alkawari kafin tunani ya iso

A Musawa masassara ta kama Rabe. Aka jiƙa saiwa, aka yi rubutu, abu sai gaba yake. Wata safiya ya kama hannuna.

"Sanda, ba na jin zan tashi."

"Haba Yaya Rabe, kai da ke juya ƙirgin sa kai kaɗai?"

"Bar wasa. Kada ka bar ni a nan. 'Ya'yanmu duka suna kwance a bayan ganuwar Bakori, ba ɗaya da ya rayu. Matata Hansai ba ta da kowa sai ni, kuma ba ta taɓa ganin Musawa ba. In ta tuna da ni, ina za ta duba? Ka kai ni kusa da yaran."

A nan mai hankali zai ce, "In Allah ya yarda," ya sunkuyar da kai. Kai kada ka yi haka. Bugi ƙirji. Ni cewa na yi, "Wallahi ko a kaina sai na kai ka." Ya yi murmushi, ya saki hannuna. Kafin rana ta take, Rabe ya cika.

Na yi kuka sosai. Sai da hawaye suka tsaya na fita waje, na ji yadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, na tuna nisan Bakori.

3. Kada ka saurari liman

Za a kira liman. Zai zo da mutanensa, su yi wa mamaci wanka da ganyen magarya, su sa kafur, su suturta shi yadda addini ya ce. Daga nan zai tambaya a ina za a haƙa. Faɗa masa nufinka.

Limamin da ya zo mana dattijo ne mai sanyin murya. Ya dube ni, ya dubi sama.

"Malam Sanda, ƙasa duk ta Allah ce. Mutuncin mamaci a gaggauta rufe shi. An yarda a ɗauke shi zuwa wani gari in ba zai canza a hanya ba. Ka ga ranar nan kuwa?"

"Allah gafarta malam, na yi rantsuwa."

"Rantsuwa tana da kaffara."

Yanzu ne za ka buɗe jakarka. Jera battoci a gabansa: kajiji, jibda, farce, kanumfari, ƙaron ararraɓi, da ɗan almiskin da kake ɓoye wa matan sarauta. Ka ce, yadda na ce, "Malam, ba zai canza ba. Ko ya canza ba wanda zai sani. Ni ne Sanda mai turare."

Liman bai yi gardama ba. Ya yi masa salla, ya yi addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Kai kuma Allah ya ba ka abin da kake nema, ya kuma ba ka ƙarfin ɗaukarsa." A lokacin na ɗauka albarka ya sa mini.

4. Zaɓi abokin tafiya da hancinsa ya mutu

Kana buƙatar dabba da mai korarta. Na samu Maitama, wani mai takarkari ɗan Ƙarfi da zai koma gida ba kaya. Katon mutum ne, garin taba ya cinye masa hanci tun yana saurayi. Ya rantse mini rabonsa da jin ƙamshin miya tun kafin ya yi aure.

"Wari bai dame ni ba," in ji shi. "In dai takarkarin nan ya yarda, ni na yarda."

Ga yadda ake shiri. A kan likkafani ka naɗa tabarma. Ka barbaɗa garin gawayi da toka tsakanin tabarma da abin da zai biyo baya, domin suna shanye danshi. Sannan ka naɗe duka da ƙirgi, ka ɗaure tamau. Mu da ƙirgin Rabe muka yi, wanda bai kai ga sayarwa ba. Ka ɗora a gadon kara, ka ɗaure bisa takarkari, ka rufa ɗanyen ganye saboda rana. Ka rataya ɗan kasko da garwashi a gefe, ka riƙa jefa turaren wuta. Ku yi tafiyar sassafe da ta yamma, da rana ku nemi inuwar tsamiya. Kai kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ka cusa kanumfari ɗaya a kowace kafar hanci.

Duk wannan gaskiya ne, kuma yana aiki. Yana aiki har zuwa wani lokaci. Ban tambayi kowa wane lokaci ba, kai ma kada ka tambaya.

5. Shiga ayari, ka bar wani ya ɗauki laifin

Zamanin nan ba a ratsa daji mutum biyu, mahara daga arewa suna kama mutane a hanya su sayar. Saboda haka ka nemi ayari. Madugu zai tambayi abin da ka ɗauko. Ka ce fata ce. Ba ƙarya ka yi ba, ta waje dai fata ce.

Ranar farko muka tafi lafiya. Mata har matsowa suke suna shaƙar hayaƙin kaskona, na ma yi ciniki. Na dubi Maitama na ce, "Ina limamin nan ya zo ya gani?"

Washegari da rana ta ɗaga, iska ta juya. Na ga wani falke ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya dubi tafin takalminsa. Na ga wani ya dubi jakinsa da zargi. Can sai magana ta zaga ayari, kowa yana tambayar me ya ruɓe.

A cikinmu akwai wata mata mai suna Tasalla, tana ɗauke da kwandon daddawa za ta kai Ƙarfi. Idanu suka koma kanta. Abin da za ka yi a nan mai sauƙi ne: kai ma ka dube ta. Kada ka ce komai, ka dai ɗan girgiza kai.

"Wallahi daddawata ba ta taɓa haka ba!" in ji Tasalla. "Ku shinshina! Tun ina budurwa nake yin ta!"

Ba wanda ya yarda ya shinshina. Madugu ya ce ta koma can baya. Bayan ayari kuwa nan muke, ni da Maitama da sa. Ta yi tafiya kaɗan kusa da mu tana ƙunƙuni. Ta dubi tsawon kayan. Ta ɗaga kai ta ga ungulaye suna kewaya mu. Ta sauke kwandonta a hankali ta yi salati.

"Mutum ne ko?"

Na ce mutum ne.

"Allah ya jiƙan na kwance," in ji ta. "Na tsaye kuma, ni da shi sai a gaban Allah." Ta ɗauki kwando ta nufi madugu.

Madugu bai zage ni ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya tsaya daga nesa, bakin rawani a hanci, ya ce ko mu haƙa nan take su taya mu, ko mu rabu da ayarinsa. Na sake bugun ƙirji, amma wannan karon a hankali, don numfashi ya fara yi mini tsada. Suka wuce suka bar mu kusa da Malumfashi.

6. In turare ɗaya ya kasa, zuba duka

Daga nan ƙauyuka ba za su bar ka ka ratsa ba. Karnuka za su sanar da zuwanka tun kafin a hango ka. Dole ka bi ta daji, hanya ta ƙara tsawo.

Kanumfarin hancina ya daina aiki. Na ƙara garwashi, na ƙara kajiji, hayaƙi ya turnuƙe, ɗoyi ya ratso ta cikinsa kamar ba a yi komai ba. Sai na tsayar da sa a gindin wata ɗorawa, na zazzage jakata. Jibda, farce, ararraɓi, sauran kafur, har almiskin nan da na yi shekaru ina tattali, na kwaɓa su wuri guda da man shanu, na shafe ƙirgin nan tun daga kai har ƙafa.

Ga ilimin da ba kowane mai turare ke da shi ba, kyauta na ba ka. Wari da ƙamshi ba kokawa suke yi ba. Aure suke yi, su haifi ɗa, ɗan kuma ya fi iyayensa ƙarfi.

Maitama ya tsaya cak. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Sanda," ya ce, "hancina ya warke."

Ya ruga bayan ɗorawa. Ni ma na bi shi, kowa da gefensa muna amai. Muna cikin haka ƙudan zuma suka iso, don su ƙamshin ya kira, suka tarar ƙudaje sun riga su. Sa ya sha harbi a kunne, ya yi ta tsalle, da ƙyar muka riƙe gadon bai faɗi ba. Ni na sha nawa a leɓe da fatar ido.

Da abin ya lafa na zauna can nesa, ta inda iska ke fitowa, ina kallon kayan. Sai kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina tsokanar mutumin nan da wari yana dariya, ban taɓa matsawa daga gare shi ba, ina ma alfahari da hakan. Yau da ba shi da bakin cewa komai, ga ni na gudu na bar shi da ƙudaje. Na tashi na koma, na karya reshe ina kore masa su.

"Yaya Rabe," na ce, "ka yafe mini. Liman ya fi ni gaskiya."

Maitama ya ce, "To mu haƙa mana."

Muka gwada. Ƙasar bazara kamar dutse take, mu kuwa daga wuƙa sai sanda. Muka kankare abin da ko kaza ba za ta kwanta a ciki ba, wuƙar ta karye. Ba gaba, ba baya, ba ƙasa. In ka iso nan, ka san kana bin matakan daidai.

7. In mahara sun zo, kada ka ce komai

Muna durƙushe a bakin ramin nan muka ji sukuwa. Mahaya ne riƙe da masu a hannu, fuskokinsu a rufe, irin waɗanda ake gudu ake shiga ayari saboda su. Na ga igiya a rataye a sirdin na gaba. Na san ta wuyan wa ce.

Suka ja linzami tun da sauran rata. Dawakan suka fara ja da baya suna huci.

"Kai! Me kuka ɗauko?" in ji na gaban.

"Mutum ne, ranka ya daɗe," in ji Maitama.

"Me ya kashe shi?"

Na buɗe baki in yi bayani, don ni mai bayani ne. Amma leɓena ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, cikina kuma ya zaɓi wannan lokacin ya sake juyawa. Na duƙa na yi ta kelaya amai a gaban dokinsa. Maitama ya dube ni, hawaye na zuba daga sabon hancinsa da idanunsa, ya ce, "Shi ma da safe lafiyarsa lau."

Mutumin ya dubi fuskata, ya dubi ungulayen, ya dubi ramin da muka fara.

"Annoba ce!" ya ce wa 'yan'uwansa. "Kada wanda ya taɓa komai nasu!"

Suka juya, ƙura ta bi su. Ko takarkarin ba su waiwaya ba.

Na ƙarar da dukiyata kaf don in kashe ɗoyin nan, ga shi shi ya hana a sa mana igiya a wuya. Maitama ya tashi ya kakkaɓe riga, ya je gaban gadon ya ɗan rusuna.

"Malam Rabe, ban san ka da rai ba," ya ce, "amma ka yi mini rana. Tashi, Sanda. Sai mun kai shi."

Idan ana tambayarka daga baya, ka ce dabara ce ka shirya tun farko. Ni haka nake cewa.

8. Shirya jawabi mai kyau don matar mamaci

Muna hango kukokin Bakori sa ya durƙusa ya ƙi tashi. Duka, lallashi, jan wutsiya, ya rufe ido. Muka yi gammo, muka ɗora gadon a ka, Maitama a gaba, ni a baya, iska kuwa daga gaba take busowa. Na ce zan kai shi ko a kaina, Allah kuwa ya ji. Shawarata, in za ka yi rantsuwa, ka riƙa zaɓen kalmomi.

Sarkin ƙofa ya tare mu tun daga nesa da hannu. Da ya ji ko wane ne, ya yi salati, ya ce mu ajiye shi a inuwar kuka kusa da maƙabarta, zai aika a kira liman da masu haƙa. Maitama ya shiga gari ya gaya wa Hansai.

Kai kuma sai ka yi amfani da wannan lokacin ka shirya magana. Tawa ta yi kyau ƙwarai. Akwai wasiyya a ciki, akwai mahara, akwai almiskin da na sadaukar. Na kuma shirya yadda zan tare ta daga nesa, in ce kada ta matso, ta tuna shi yadda ta san shi.

Maza suka fara taruwa, kowa ya ja ya tsaya can, hannun riga a hanci. Sai ga Hansai ta fito ta ƙofar gari, ƙaramar mace, mayafi a ka, ba ta gudu ba ta kuka. Na tare ta.

"Yaya Hansai, ki tsaya daga nan, domin..."

Ta wuce ni kamar kututture. Ta isa gadon ta durƙusa, hannunta ko kusa da hanci bai je ba. Ta ɗora tafinta a kan ƙirgin, ta ɗaga, ta dubi maiƙon da ya manne mata.

"Wa ya shafa masa wannan?"

"Ni ne. Akwai almiski a ciki, da jibda, da..."

"Sanda, tun ina yarinya aka kawo ni ɗakin mutumin nan. Mutane suna kauce masa a hanya, ni kuwa tun yana zaure nake sanin ya dawo in ɗora ruwa. Wari ne zai kore ni yau? Abin da ka shafa ne ya sa na kasa gane shi."

Jawabina ya tsere, ban sake ganinsa ba.

Ta bi ƙirgin da hannu har ta samu wani lungu wajen ɗaurin ƙafa inda man bai kai ba. Ta sunkuya ta sa fuskarta a wurin, ta daɗe.

"Jimarsa ce," ta ce. "Bagaruwar bara." Sai a lokacin ta yi kuka.

Mazan nan da ke tsaye nesa, ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannu daga hanci, suka matso. Aka haƙa kusa da 'ya'yansa, aka rufe shi kafin la'asar. Da za a koma da ita gida ta tsaya a gabana, ta dubi kumburarriyar fuskata.

"Ya ce ka kawo shi?"

"Ya ce."

"Ka wahalar da shi, ka wahalar da kanka. Amma ka kawo shi. Allah ya saka." Ta juya, ta ƙara da cewa, "Ka je ka yi wanka."

9. Koma kasuwa kamar ba abin da ya faru

Wannan matakin ya fi sauran wuya. Labari zai riga ka isa. Tasalla kaɗai ta isa ta kai shi kasuwa bakwai, da ƙari. Na daɗe in na buɗe baki zan yi shela sai wani ya ce, "Sanda, har da warin Musawa?" Na koma sayar da turare da ƙaramar murya. Maitama kuwa ya bar taba, ya ce tunda hanci ya dawo ba zai sake sakaci da shi ba, amma ko kusa da rumfata ba ya bi.

Bayan Hansai ta fita takaba, ranar wata kasuwa, sai ga ta a gaban tabarmata. Muka gaisa. Ta yi ta juya wata 'yar batta a hannu.

"Abin nan da ka shafa masa," ta ce. "Ka haɗa mini kaɗan."

"Yaya Hansai, ke da kika ce..."

"Na san abin da na ce. Ƙirgin an binne shi da shi. Majemar an ba wani. Ɗakin ma na share har ya daina warinsa. Abin da na ji a jikinsa na ƙarshe shi ne naka. Haɗa mini."

Na ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Na nemo almiski, na zauna na yi ta kwaɓawa, ina ƙoƙarin tuna abin da hannuna ya zuba a gindin ɗorawar nan. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Ya yi ƙamshi ƙwarai, har maƙwabta suna leƙowa.

Ta zo, ta buɗe battar, ta rufe ido ta shaƙa. Ta sake shaƙa.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Akwai abin da babu."

Na san abin da babu. Ita ma ta sani. Ƙamshin yana nan, warin da ya aura ne babu. Ta rufe battar, ta ƙulle ta a bakin zane, ta ce za ta riƙe haka nan, ta tafi.

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi ya jiyo. Babu ruwan Sanda da harbin zuma, ko karyewar wuƙa, ko sa da ya durƙusa, ko hancin da ya warke ba a shirya ba, ko Allah ya isan mai daddawa. Kada ka sa rai mahara za su gudu, nawa ne suka gudu, naka ban san halinsu ba. In liman ya ce maka a haƙa, ka nemo fartanya. In kuwa ka ƙi, har wata rana matar abokinka ta zo ta tsaya a gaban tabarmarka da batta a hannu, kada ka zo wurina neman mataki na goma. Na neme shi, ba ni da shi.